Kason Auta a Gidan Babanmu

Ni na goyi Auta, don haka in na faɗi halinsa ba wanda zai ce ƙage na yi masa. Innarmu ta rasu bai cika shekara ba, ni kuwa ina da goma sha biyu, sai aka ɗaura mini shi a baya, kuma in gaskiya za a faɗa ban taɓa sauke shi ba. Sunansa na yanka Ma'aruf, amma in ka shigo lungunmu kana cigiyar Ma'aruf sai an tsaya ana kallon juna. Ga gemu, ga mata, ga 'ya'ya huɗu, duk da haka Auta yake. Ni kuma Saudatu, Yaya nake a bakinsa da bakin matarsa, har da 'ya'yansa da ya kamata su ce mini Gwaggo.

Gidanmu yana cikin garin Daura, a lungun da ke gangarowa daga kasuwa. Baba ne ya gina shi, ya bar mana mu biyu, kashi biyu na Auta, kashi ɗaya nawa, yadda shari'a ta ce. To amma a baki kawai aka faɗa ranar rabon gado. Ba a ja igiya ba, ba a sa katanga ba. Da mijina Malam Uwaisu ya rasu, 'ya'yana biyu mata kuma duk suna ɗakunansu, sai na gama takaba na kwaso komatsaina na dawo ɗakin Inna. Auta da matarsa Maijidda suna ɗakunan gabas. Rijiya ta kowa ce, kurnar tsakar gida ta kowa ce, tukunya ɗaya muke ɗorawa. In bazara ta yi za a yi wa soro yaɓe, wanda ke da kuɗi a hannu shi ke biyan magini, kuma yawanci ni ce. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ko sau ɗaya ban ji an ce nan nawa ne, can naka ne ba.

Sana'ar Auta sayen gyaɗa. Kowace shekara yakan karɓi kuɗi wurin Alhaji Maliki, ya bi ƙauyukan Zango tun damina yana raba wa manoma, da kaka kuma ya koma da sikeli da buhuna ya karɓi gyaɗa. Jaka ɗaya yake karɓa, wato fam ɗari, ko naira ɗari biyu a lissafin sabon kuɗin nan da har yau bai zauna mini a ka ba. Ba ya samun abin a-zo-a-gani, amma ba ma kwana da yunwa.

Sai ga shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na watannin baya. Daura ta rikice. Masinjan da jiya yake tafiya a ƙasa yau yana kan Honda, malamin makaranta ya sayi rediyo yana yawo da ita a hammata kamar jaririya. Auta ba ma'aikaci ba ne, ko sisi ba a ƙara masa ba, amma zazzaɓin ya fi kama shi a kan masu albashin. Wata rana ya shigo yana murmushi, ya ce bana jaka huɗu ya karɓa.

"Huɗu? Kai Auta, wa ya aike ka?"

"Yaya, ƙasa ta yi kuɗi. Wanda bai motsa bana ba, to ya zauna ke nan."

"Ƙasa ta yi kuɗi. Gonakin Zango ma man fetur za su tsiro?"

Ya yi dariya, ya ce ni tsohuwar hannu ce. Na so a ce shi ke da gaskiya, wallahi na so.

Damina ta fara da kyau. Can tsakiyarta sai kuturta ta faɗa wa gyaɗa. Ganye ya naɗe, ya yi rawaya, shuka ta tsugune ta ƙi tashi. In ka tuge sai ka tarar da jijiya zalla. Ba gonar mutum ɗaya ba, ba ƙauye ɗaya ba, ƙasar ce gaba ɗaya. Da kaka Auta ya tafi da buhuna arba'in, ya dawo da uku a cike. Manoman ba gudu suka yi ba. Suna nan zaune a ƙofar gidajensu suna ba shi haƙuri, wasu har da kamo masa kaza. Shi kuma ya zauna ya taya su jaje, ya dawo mana da kaji bakwai. Ka ji mai bin bashi.

Daga nan ya daina cin abincin kirki. Mutumin da ke cinye malmala uku ya leƙa tukunya, sai ga shi yana loma biyu ya wanke hannu. Ya daina bi ta kasuwa, sai ya zagaya ta bayan gari don kada ya gamu da Alhaji. Na san da bashin, wa bai sani ba? Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na yi shiru ina jira ya zo ya zauna kusa da ni ya sosa ƙeya yadda ya saba, in yi faɗa, in gaji, in kwance bakin zane. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa, bai zo ba.

Wanda ya zo shi ne Sarkin Magina. Ran nan da hantsi ina zuba wa raguna dusa, raguna huɗu da nake turkawa don Layya, sai na ji Auta yana ce wa Maijidda ta shiga ɗaki za a shigo. Na ɗaga kai, sai ga tsohon da doguwar sandarsa, yana ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne. Ya shiga ɗakin Baba, ya ɗaga kai yana ƙirga azara da bakin sanda. Ya fito ya leƙa rijiya, ya jefa tsakuwa ya saurara. Haka suke yi wa gida kuɗi. Auta na biye da shi, kansa a ƙasa.

"Baba, lafiya? Ai ba lokacin yaɓe ba ne."

"Lafiya lau, 'yar nan. Kuɗi aka ce in yi wa kason Ma'arufu. Ashe ba ki sani ba?"

Na dubi Auta, Auta ya dubi rago.

Na daure har tsohon ya gama ya fita, sannan na tare ƙanena a shigifa. Ashe tun makon jiya suka gama magana da Alhaji. Alhajin zai karɓi kashi biyun a kan abin da Sarkin Magina ya yanke, ya kuwa yanke jaka huɗu da rabi. Alhaji ya cire huɗunsa, ya ba Auta rabin. Za a ja katanga daga gindin kurna zuwa bayan madafa, zaure da rijiya da ɗakin Baba su faɗa wajen Alhaji, shi kuma ya rushe ya gina kantuna da bulo da kwano, tunda yanzu ya zama ɗan kwangila. Ni kuma a huda mini ƙofa ta baya.

"Ta baya," na ce. "Wajen da ake zubar da toka."

"Yaya, bakin faɗa maki ne na rasa."

"Amma ba ka rasa bakin faɗa wa Sarkin Magina ba."

Na wanke shi tas. Ban bar komai ba, har fitsarin da ya sha yi mini a gadon baya sai da na tuna masa. Da ya yi musu da na ji sauƙi, shirun nan shi ya fi ba ni haushi.

Abin da Auta ya manta shi ne, shekara ashirin da ɗaya na yi a gidan malami. Malam Uwaisu yana karantar da magidanta a zaure, ni ina daka a bayan bango, kunne kuma ba shi da marfi. Na sha jin babin da suke kira shuf'a. Idan mutum biyu suka yi tarayya a gida, ba a raba ba, ɗaya ya tashi sayar da kasonsa, to abokin tarayyarsa ya fi kowa haƙƙin saye, a kan kuɗin da aka yi ciniki, sai fa in shi ya ce ya yafe. A lokacin ina ji ne kawai ina daka, ban san ajiya nake yi ba.

Ranar da za su je gaban alƙali a rubuta takarda, na yafa mayafina na bi bayansu. Alƙali ya saurare ni har na kai aya, sannan ya juya ga Auta.

"An taɓa raba gidan nan? An sa iyaka?"

"Ba a taɓa ba, Allah ya gafarta malam."

"To ai magana tana hannun yayarka. Malama, kin yafe, ko za ki karɓa?"

"Ban yafe ba."

"Kina da jaka huɗu da rabi?"

"Ina da Allah, ina da raguna."

Mutane suka yi dariya, har shi alƙalin sai da ya rufe baki da hannun riga. Ya ba ni kwana talatin. Alhaji Maliki, in faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Da muka fito ya rage murya ya ce, "Yaya Saude, wallahi ni ma kuɗin na wasu ne, mutanen Kano sun matsa mani. In kin kawo, kuɗina sun fi mani gidan." Na ce ya je ya fara ƙirga kwana.

Raguna suka tafi ana saura mako guda Layya, suka kuwa yi kuɗi, don masu sabon albashi ba sa tayi sau biyu. Ɗaukar adashina sai bayan wata uku, amma Talatu mai koko ta yi mini musanya da tata ba tare da ta tambaye ni dalili ba, tunda unguwa duk ta san dalilin. Sannan na hau turmi na sauke jeren ɗakina, tasoshin Inna na jan ƙarfe da kwanonin da na tara tun aurena, na kira dillaliya. Tana juya su tana taɓe baki, wai yanzu an daina yayinsu, kowa tangaran yake so. Na ce ta ajiye in ba ta so. Ta ɗauka. Bango ya fito fili, kowane kwano ya bar tabon inda ya zauna. Da aka haɗa duka, jaka biyu ne da 'yan kai.

Saura shanu. Ina da guda uku, abin da farin shekarun baya ya rage mini daga gadon Malam, suna hannun Dabo, wani Bafulatani da ke da ruga a bayan Sandamu. Na hau motar kasuwa, na sauka a bakin titi na ƙarasa da ƙafa. Dabo ya ji abin da ke tafe da ni, ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Inna, farar nan ciki gare ta. Ba a sayar da saniya da ciki. Ki bari damina, uku su zama biyar."

"Kwana goma sha biyu suka rage mani, Dabo."

"Gida ba ya haihuwa."

"Na sani. Ƙanena ne a ciki."

Dabo ya juya wajen shanun. Ranar kasuwar Mai'adua ya kora su da kansa, washegari ya kawo mini kuɗin har ƙofar gida. Ya ƙi karɓar la'ada, ya ƙi shan furar da na dama masa. Fushi yake yi da ni, kuma ban ga laifinsa ba.

Duk wannan faɗi-tashin, ka san abin da Auta ya ce? Bai ce komai ba. Ya ga an kora raguna, ya ga an fita da tasoshin uwarsa a cikin buhu, sai dai ya kau da kai. Ni kuwa a raina na gama tsara komai. In biya, a rubuta takarda, in jefa ta ƙasan akwati, a ci gaba da zama yadda ake. Wa zai tambaya? Har na fara tunanin irin tuwon da zan yi masa ranar da aka gama, in ga ko malmala ukun za ta dawo.

Maijidda ce ta fasa ƙwan. Saura kwana uku wa'adi ya cika, tana yi mini tsifa a gindin kurna, sai na ji hannunta ya tsaya a kaina.

"Yaya, zan faɗa maki wata magana, amma don Allah kar ki ce ni na faɗa."

"Yo wa zan ce ya faɗa, kurna?"

"Ko kin saya ba zai zauna ba. Ya samu aikin awo a Mai'adua, wurin wani mai sayen hatsi. Har ya kama ɗaki biyu na haya."

Ta faɗa tana kuka, don yarinyar nan tun da aka kawo ta ba mu taɓa kwana da fushin juna ba. Na tashi da kai rabi a tsefe, ko ɗankwali ban nema ba. Na same shi a shigifa yana goge sikelinsa da tsumma.

"Na sayar da tasoshin uwarmu, na sayar da saniya da ciki, don ka tafi Mai'adua ka kama haya?"

"Zauna, Yaya."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya, amma ki ji." Ya ajiye tsumman. "Kin tuna da na fasa tulun Iya mai ƙosai? Ke kika biya. Da aka kore ni daga elementare, ke kika je kika durƙusa wa hedimasta. Lefen Maijidda rabinsa zannuwanki ne, ta sani, na sani. Ranar da na je wurin Alhaji neman jaka huɗu, kin san abin da ya ce? Bai tambaye ni gona nawa na duba ba. Cewa ya yi, ƙanen Saudatu ba ya cin kuɗin mutane, in ma ya ci za a biya. Na fito da kuɗin a aljihu, amma ji nake kamar an mare ni."

"To ƙarya ya yi?"

"Bai yi ƙarya ba, shi ya sa ya yi mani zafi. Yaya, ni na ci bashin nan. Abu ɗaya na mallaka a duniya, kason nan. In na sayar na biya na fita, to na biya. In kika saya na ci gaba da kwana a ɗakin, ban biya komai ba. Bashin ya tashi daga hannun Alhaji ne ya dawo hannunki, ke kuma ba za ki taɓa tambaya ba. Wanda ba a tambaya ya fi nauyi."

"Wa ya ce maka ina bin ka?"

"Ba ki ce ba. Ni dai ina so sau ɗaya in faɗi in tashi da kaina, in ji ko ina da ƙafa."

Na ce masa butulu. Ya ce ya ji. Na ce ya tafi Mai'adua, ya wuce ma har Damagaram in ya ga dama. Ya ce to. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado ina kallon bangon da ba komai, na ji zafin da ban ji irinsa ba tun rasuwar Malam.

Kwana biyu ban yi masa magana ba. Abincinsa dai ina zubawa, har da ƙarin man shanu, don fushi daban, yunwa daban. A cikin kwana biyun nan na juya maganarsa ta kowane gefe ina neman inda zan kama shi da rashin gaskiya, ban samu ba. Sai ma na kama kaina. Ashe ba gidan nake saye ba, shi nake saye, shi kuwa bai kai kansa kasuwa ba. Kullum ina ƙorafin Auta ya ƙi girma, amma ranar da bai zo ya sosa ƙeya a gabana ba, ni ce na fi shiga damuwa. Ina son ya riƙa bukata ta, wannan ita ce gaskiyar, kuma ba ta yi mini daɗin haɗiya ba.

Ina iya zuwa in ce na yafe, in riƙe kuɗina, in mayar wa Dabo ya saya mini wasu shanun. Ko ta wace hanya dai tafiya zai yi. Amma sai na hango katangar, da ƙofar toka, da kantin Alhaji a kan ɗakin Baba ana sayar da kananzir. Kuma wanda ya tafi neman abinci a wani gari, gara a ce akwai gidan da zai nuna ya ce daga nan ya fito.

Ranar da kwana talatin suka cika muka koma. Na kwance ƙullina na zube a gaban alƙali. Muhuti, wato magatakardan alƙali, ya ƙirga sau biyu, ya ce sun cika, ya fara tura su wajen Alhaji. Na ce a dakata.

"Allah ya gafarta malam, ni Alhaji ba ya bi na komai. A ba mai kaso kuɗinsa a hannunsa. Abin da zai yi da su, shi ya sani."

Alƙali ya dubi Alhaji, Alhaji ya ce ya yarda.

"Ma'arufu, ka sayar?"

"Na sayar."

"Malama, kin saya?"

"Na saya. A rubuta da kyau, a sa shaidu. A kuma rubuta cewa zai kwashe kayansa kafin wata ya mutu, ina da abin yi da ɗakunan."

Ƙarya nake yi, ba ni da abin yi da su ko na anini. Auta ya ɗago ya dube ni, na kau da kai, amma na san ya gane. Ya jawo kuɗin gabansa, ya ƙirga jaka huɗu a idon jama'a, ya miƙa wa Alhaji.

"Ga kuɗinka, Alhaji. Na gode da haƙurin da ka yi."

Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya mayar da alheri. Da muka fito na tsaya ina gyara mayafi don in ga ta inda ƙanena zai bi. Ta tsakiyar kasuwa ya bi, har yana tsayawa gaisawa da mahauta.

Sun tashi ranar wata Talata da safe. Amalanke biyu suka kwashe kayan zuwa tasha. Na ƙulla musu daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ina ƙullawa ina faɗa a kan an bar mini tsakar gida kaca-kaca, don na san in na daina faɗan wani abu ne zai fito. Maijidda ta rungume ni ta ƙi saki sai da na ture ta. Yaran suna murnar shiga mota, ban da ƙaramar, da ta riƙe mini zane tana tambaya ko ni ma na ɗauko takalmina. Auta ya miƙo mini makullan ɗakunan gabas guda biyu. Na karɓa na sa a lalita. Ban raka su tasha ba.

Gidan ya yi mini yawa. Na sha auna garin tuwon mutum bakwai, sai ruwa ya tafasa in tuna. Maƙwabta sun ci tuwo a watan nan har sun fara jin kunyar karɓa. Aka ce in zuba 'yan haya, malaman makaranta suna neman ɗaki ido rufe. Na ce sai na yi shawara. Ban aika masa saƙo ba, shi ma bai aiko ba. Labarinsa dai nakan ji a bakin matan da ke zuwa cin kasuwar can, wai ya rame, amma manoma suna layi a gaban sikelinsa don awonsa ba cuta. In sun faɗa sai in ce ai dama, in shiga wata hira.

Bayan mako bakwai, ranar wata Juma'a an sauko daga masallaci, ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji sallama daga zaure. Muryar da na sani tun ba ta iya komai ba sai kuka. Na kasa kunne in ji takun ƙafa, don mai gida yana sallama ne yana tafiya, kafin a amsa ya riga ya iso tsakar gida. Ban ji taku ba. Yana tsaye a zaure, inda baƙo ke tsayawa.

Na ƙi amsawa. Na ce a raina bari in ga iyakar wannan sabon salon. Ya sake yi, a hankali. Rariya na hannuna, gari na zuba a kan ƙafata ban sani ba. Sai na tuna baƙo sau uku yake yi, in ba a amsa ba ya juya, kuma yadda Auta ya koma yanzu, tsaf zai juya ya kama hanyar tasha.

Bai rufe baki a ta ukun ba na amsa, da ƙarfin da sai da maƙwabta suka ji. Na nufi shigifa ina gyara ɗaurin zane.

"Wane ne?"

"Ma'aruf ne, daga Mai'adua. Ko matar gidan tana nan?"

"Tana nan. Kai yanzu a gidan ubanka kake tsayawa a zaure?"

"Gidan Saudatu ne," ya ce. "Da kuɗinta ta saya, ina wurin."

Na tsaya a bayan asabari na goge fuskata da gefen zane, na sake gogewa, don bai kamata baƙo ya ga matar gida a haka ba. Sannan na ɗaga masa asabarin da hannuna.

"To bismilla," na ce. "Shigo daga ciki."

Ya cire takalmansa ya shigo.